Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamitin Sulhu da Tsaro na Tarayyar Afirka: ranar da Gaddafi ya faɗi, makullin rumbun makamai yana hannun wa?

Zuwa ga masu girma wakilan ƙasashe 15 na Kwamitin Sulhu da Tsaro, Addis Ababa.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka rubuto wannan takarda ba 'yan siyasa ba ne. Sana'armu ƙirga akwatin harsashi, kwance nakiya, da rubuta sunan mayaƙi ranar da ya miƙa bindigarsa. Gardamar ko ƙungiyar NATO ta wuce gona da iri a Libiya mun bar muku ita, don kun fi mu sanin yadda Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfin soja a Libiya, ranar 17 ga Maris 2011, alhali mako guda kafin nan wannan kwamiti naku ya naɗa shugabanni biyar su nemo sulhu. Abin da ya dame mu shi ne watannin da suka biyo bayan faɗuwar Turabulus. A nan aka yi ɓarnar da har yau Sahel ke biya, kuma yawancinta ɓarna ce da kwaɗo da littafin rajista da mai gadi za su iya ragewa.

'Yan tawaye sun shiga Bab al-Aziziya, fadar Gaddafi a Turabulus, ranar 23 ga Agusta 2011. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, NATO ta naɗe tabarmarta ranar 31 ga watan. Ofishin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a watan Satumba na siyasa ne, ba shi da soja ko ɗaya, domin majalisar riƙon ƙwarya da 'yan tawayen suka kafa ta ce ba ta son ganin takalmin baƙon soja a ƙasarta. Tarayyar Afirka kuwa sai 20 ga Satumba ta amince da sababbin mahukuntan. Ke nan a cikin makonnin da suka fi kowane lokaci tsada, babu wanda ke da aikin tsare rumbu a rubuce.

Ya kamata a fahimci irin rumbun da ake magana. Gaddafi da juyin mulki ya hau a 1969, saboda haka bai taɓa sakin jiki da rundunar soja ba. Ya bar ta da yunwa, ya ƙarfafa wasu rundunoni na amintattu, irin Birged ta 32 da ɗansa Khamis ke jagoranta. Amma sayen makami bai fasa ba. Tun shekarun 1970 da 1980 yake jibgo kaya daga Tarayyar Sobiyet da wasu ƙasashen Turai, fiye da abin da sojojinsa za su iya ɗauka ko da kowa ya rataya biyu. Da jiragen NATO suka fara ruwan bama-bamai, sai aka riƙa kwashe kayan daga ɗakunan kankare ana ɓoyewa a gonaki da ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa da cikin unguwanni. Duk wata rajista da ake da ita ta tashi aiki tun daga nan. Mulkin mutum ɗaya haka yake: mai gadin rumbu ba ƙasa yake yi wa gadi ba, maigida yake yi wa, ranar da maigida ya gudu shi ma sai ya tuɓe kaki ya kama gabansa. A watan Satumba ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch sun shiga ɗakunan ajiya a Turabulus suka tarar da ƙofa a buɗe, akwatunan makamai masu linzami babu komai a ciki, mutane suna loda abin da ya rage a motoci ba mai cewa uffan.

Hankalin manyan ƙasashe ya tafi kan abu guda, wato makamin kakkaɓo jirgi da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, galibi ƙirar SA-7. Amurka ta ƙiyasta cewa Libiya ta sayi kusan 20,000 a tsawon shekaru, kuma zuwa ƙarshen 2011 kimanin 5,000 aka ce an gano ko an lalata. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 2017 a kansa ranar 31 ga Oktoba, wato bayan fiye da wata biyu da buɗewar ƙofofin. Ihu bayan hari. Ga mai sana'ar, wannan makami ba shi da wuyar tsarewa in an zo da wuri, domin kashi uku ne: bututun da harsashin ke ciki, mariƙin da ke ɗauke da kunama, da batirin da ke tayar da shi. Mariƙi da batir ƙanana ne, mota ɗaya za ta kwashe na rumbu guda. In aka raba su da bututun aka kai wani gari aka kulle, abin da ɓarawo zai samu ba zai harbu ba. Aikin yini ɗaya ne ga mutum goma da suka san abin da suke nema.

Sai dai ba wannan makami ne ya ci Sahel ba. Abin da ya ci ta kayan yau da kullum ne: kalashinkof, mashinga mai jigida, roka ta kafaɗa, bindigogin milimita 14.5 da 23 da ake ɗaurawa a bayan Toyota, nakiyoyin tankar yaƙi, da harsashi tuli. Tun a watan Yuni 2011, Gaddafi na nan da ransa, sojojin Nijar suka yi arangama da wani ayarin motoci a yankin Arlit suka kama fiye da kilo 600 na nakiyar Semtex da ɗaruruwan abubuwan tayar da ita. Wannan gargaɗi ne ƙarara, wata huɗu kafin Sirte. A watan Oktoba aka kafa ƙungiyar MNLA ta 'yan tawayen Abzinawa a arewacin Mali, jagoran mayaƙanta Mohamed Ag Najim tsohon kanar ne a sojan Libiya. Ranar 17 ga Janairu 2012 suka far wa Menaka. Ranar 22 ga Maris sojoji suka kifar da shugaba Amadou Toumani Touré a Bamako, cikin kwana goma sha ɗaya Kidal da Gao da Tumbutu suka faɗi. Sauran labarin kun san shi: harin In Amenas ta Aljeriya a Janairu 2013, da hare-haren Agadas da Arlit ranar 23 ga Mayu 2013. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya bi sawun makaman Libiya zuwa ƙasashe fiye da 12.

A nan akwai abin lura da ba a cika faɗa ba. Ayarin mayaƙan da suka baro Libiya bai samu tarba iri ɗaya a ko'ina ba. Nijar ta tura sojoji arewa, ta dage cewa mai son shigowa ya ajiye makami tukuna, kuma tun Afrilu 2011 Mahamadou Issoufou ya naɗa Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferouane, firaminista, don haka akwai bakin da za a yi magana da shi. Mali ta bar su suka shiga da motocinsu da bindigoginsu, tana fatan lallami zai wadatar. Ba mu ce wannan kaɗai ya raba makomar ƙasashen biyu ba, amma shingen da ke karɓar bindiga a bakin iyaka ya yi aikin da taro goma bai yi ba.

To me ya kamata a yi, kuma da wane tsari?

Aikin farko ana yin sa ne tun gwamnati ba ta faɗi ba. A zauna da hafsoshin da suka sauya sheƙa, musamman na sashen kayan aiki da masu riƙe da sito, ba janar-janar masu jawabi ba, a zana taswirar kowane rumbu: ina yake, ɗaki nawa, me ke ciki, hanya nawa ke shiga. Ƙaramin hafsan da ya shekara goma yana sa hannu a takardar fitar da harsashi ya fi minista amfani a wannan rana. A raba rumbunan gida uku bisa haɗarinsu, domin ba za a taɓa samun masu gadin da za su ishi duka ba. Na sahun gaba su ne masu makamin kakkaɓo jirgi, nakiya da abin tayar da ita, da duk rumbun da ke kusa da hanyar fita ƙasa. A Libiya wannan na nufin kudu, Sabha da Ubari da Ghat da hanyar Salvador inda iyakokin Libiya da Nijar da Aljeriya suka haɗu, ba Turabulus da 'yan jarida suka cika ba.

Gadi kuma ba a ba wa rundunar gari ɗaya. Wannan shi ne ba kura ajiyar nama. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun wakilin sabuwar hukuma, ɗaya a hannun wani ɓangare dabam, ba mai buɗewa sai da ɗan'uwansa, kuma duk buɗewa a rubuta rana da sa'a da suna. Inda ginin ya lalace, kwantena ta wadatar na wucin gadi, a yi mata rumfa saboda rana, a kewaye ta da tudun ƙasa. Tsofaffin masu gadin da ba su da jini a hannu a ci gaba da biyan su albashi tun watan farko, don su suka san wane ɗaki ne ke yoyo. Iraƙi ta sallami sojojinta gaba ɗaya a watan Mayu 2003, kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Ƙirga yana zuwa bayan kullewa, ba kafinsa ba. Bindiga da lambar da ke jikinta ake rubuta ta, harsashi da lambar rukunin da ke jikin akwati, tare da hoto. Wannan lamba ita ce za ta nuna, bayan shekara uku, cewa akwatin da aka kama a Gao ko a Diffa daga wane ɗaki ya fito da kuma wanda ke riƙe da makulli a lokacin. Abin da ƙasa ba ta buƙata a lalata shi a wurin, kada a ce sai an kai babban birni, don a hanya kaya ke ɓacewa. Bindiga ba bakinta ake yankewa ba, maƙeri zai gyara. Gangar jikin ake yankawa da wutar gas, inda kunama da gidan harsashi suke, yanka fiye da ɗaya, a jefa gutsattsarin a narka.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa rumbun da jirgi ya yi wa bam ya gama. Bam ba ya cinye abin da ke ciki. Yakan fasa rufin ya watsar da harsasan igwa da rokoki ɗaruruwan mita a kewaye, wasu sun ƙone rabi, wasu sun tsage, duk sun fi da haɗari. Sai yara da 'yan gwangwan su zo tsintar tagulla. A ƙarshen Nuwamba 2013 rumbun Brak al-Shati a kudancin Libiya ya tashi da mutane fiye da 40. Ko ba a taɓa shi ba, albarushi yana tsufa: sinadarin da ke kwantar da shi yana ƙarewa, zafin hamada na gaggauta ƙarewar, wata rana ya kama da kansa. Shi ya sa ake ware abin tayar da nakiya daga nakiyar, a ware harsashi mai farin fosfaras a ɗakinsa shi kaɗai, a share ciyawa a kewayen gini, a kuma hana mutane gina gida a jikin katanga. Ba sai mun tuna muku fashewar rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairu 2002 ba, inda fiye da mutum 1,000 suka mutu, yawancinsu a cikin magudanar ruwa suna gudu, ko ta rumbun Mpila a Brazzaville ranar 4 ga Maris 2012. Waɗannan a lokacin zaman lafiya ne ma.

Abin da zai ba ku haushi, kamar yadda yake ba mu, shi ne inda manya suka damu an yi aikin. Iskar gubar mustad da ke rumbun Ruwagha a Libiya an tsare ta, an gama lalata ta a farkon 2014, ragowar sinadaran kuma jirgin ruwan Denmak ya kwashe su daga Misrata a 2016 aka kai Jamus. Ashe ana iyawa. Garin yuraniyom da ke jibge a Sabha, wanda asalinsa daga Nijar aka sayo shi, bai samu wannan gata ba, har a Maris 2023 hukumar nukiliya ta duniya ta sanar cewa ganga 10, kimanin tan 2.5, ba sa inda aka bar su. Kalashinkof kuwa, da yake talakan Afirka yake kashewa, ba wanda ya ware masa kasafi na kirki.

Rabin matsalar ke nan. Ɗaya rabin kuɗi ne, kuma a ganinmu shi ya fi yin illa.

A farkon 2012 majalisar riƙon ƙwarya ta fara raba wa 'yan juyin juya hali ladan yaƙi, dinari 4,000 ga mai iyali. Ba a tantance kowa ba. Kwamandoji da majalisun soja na garuruwa aka ce su kawo jerin sunaye, aka ba su kuɗin su raba. A watan Afrilu aka dakatar da shirin saboda maguɗi, bayan an kashe kusan dinari biliyan 1.8. Hukumar da aka kafa don kula da mayaƙa ta yi rajistar fiye da mutum 200,000, ninkin ba ninkin waɗanda suka taɓa jin ƙarar harsashi a fagen daga. Daga nan aka ɗauki rundunonin sa-kai ɗungurungum, da kwamandansu da tutarsu da rumbunsu, aka liƙa musu sunan hukuma: wasu a ƙarƙashin Kwamitin Ƙoli na Tsaro a ma'aikatar cikin gida, wasu a rundunar Garkuwar Libiya. Gwamnati na biya, kwamanda na ba da umarni. Saurayin da ke zaune ba aiki ya ga cewa hanyar albashi ita ce ya nemi bindiga ya shiga wata runduna. Wato an biya mutane su ɗauki makami bayan yaƙi ya ƙare.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu 2013 motoci masu bindiga suka kewaye ma'aikatun harkokin waje da shari'a har majalisa ta zartar da dokar da ta haramta wa duk wanda ya riƙe babban muƙami a zamanin Gaddafi aikin gwamnati, dokar da ta kori har Mohamed Magariaf, shugaban majalisar, wanda ya shafe shekaru kusan 30 yana adawa daga gudun hijira. Ranar 10 ga Oktoba aka ɗauke firaminista Ali Zeidan daga otal ɗinsa, kuma masu ɗaukar suna cin albashin gwamnatinsa. A Nuwamba aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a unguwar Gharghour ta Turabulus. Masu gadin tashoshin mai a gabas suka rufe tashoshin da aka ɗauke su su tsare. Zuwa Agusta 2014 filin jirgin saman Turabulus ya ƙone, ƙasa ta rabu gwamnati biyu.

Wannan darasi ba sabo ba ne a nahiyar nan. A Laberiya an shirya karɓar makamai daga mayaƙa kimanin 38,000. Aka buɗe sansanin farko a Disamba 2003 ba a shirya ba, aka yi tarzoma, aka rufe sai Afrilu 2004. Da aka sassauta sharaɗi har harsashi 150 ya isa a ba mutum katin dala 300, sai aka ƙare da mutum fiye da 100,000 da bindigogi ƙasa da 30,000. Kwamandoji sun raba wa 'yan'uwa da 'yan unguwa harsashi, suka karɓi kasonsu.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Jerin sunaye a karɓe shi kafin a ambaci ko sisi, a sa ranar rufewa, bayanta ba ƙari. Kowane mutum ya zo da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a gwada shi: ya kwance bindigar da ya ce tasa ce ya mayar, ya faɗi inda ya yi yaƙi da wanda ya jagorance shi, a gwama da abin da wasu suka faɗa. Kuɗi ya tafi hannunsa kai tsaye, kashi-kashi, kada ya bi ta hannun kwamanda. Kada a sa wa bindiga farashi, don in ladan ya fi kuɗinta a kasuwa, dillalai za su shigo da ita daga maƙwabta su sayar wa gwamnati. Manyan makamai, tanka da igwa da roka, su ake fara janyewa daga birane zuwa wuraren da aka amince, bindigar hannu daga baya, domin ba mai miƙa ta alhali garin da ke gaba da su bai miƙa ba. Mai son aikin soja ya shiga shi kaɗai, a horar da shi, a tura shi bataliyar da ba ta garinsu ba. Kwamandojin kuma a nema musu mafita tasu dabam, muƙami ko karatu ko jari, tunda su ne ke asara in aka yi zaman lafiya.

Akwai kuma mutanen da alhakinsu ke wuyanku kai tsaye. Jita-jitar sojojin haya ta sa duk baƙar fata a Libiya ya zama abin zargi a 2011. Leburori da masu gadi da makanikai daga Nijar da Cadi da Najeriya da Ghana da Mali aka riƙa tarewa a shinge ana kullewa. Garin Tawergha, na 'yan Libiya baƙaƙe, an kore shi kaf, mutum wajen 40,000. Dubban mutane suka zauna a gidajen yarin da ba na hukuma ba, ba tuhuma ba alƙali, sannan doka mai lamba 38 ta 2012 ta yafe wa 'yan juyin juya hali abin da suka aikata da sunan kare juyin. Gwamnatin Nijar ta ƙiyasta 'yan ƙasarta da suka dawo sun kai 200,000, Cadi 150,000, galibinsu hannu rabbana, kuma kowannensu da gidan da yake ciyarwa da kuɗin da yake aikowa. Gidan yari ma rumbu ne: a ranar farko ake karɓar makullinsa da rajistarsa, tare da takardun hukumar leƙen asiri, kafin a ƙone su ko kowace runduna ta kwashi nata ta riƙa farautar mutane da su.

Gaskiya ɗaya kuma da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. "Makaman Libiya" ya zama bargon da gwamnatocinmu ke rufa da shi. Masu bin sawun lambobi sun nuna cewa kwararar ta ragu bayan 2014, lokacin da 'yan Libiya suka koma buƙatar kayansu, kuma kaso mai yawa na abin da ake kamawa a hannun 'yan bindiga a Sahel da tafkin Cadi daga rumbunan sojojin yankin ya fito, ko an ƙwace a hari ko an sayar ta bayan gida. Kwaɗo biyu da littafin rajista da muke roƙo a kai wa ƙasar da ta rushe, barikokinmu ma suna buƙatarsu.

Takardu kam kuna da su: sanarwar Bamako ta 2000, manufar sake gina ƙasa bayan yaƙi ta 2006, yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da shirin kashe amon bindiga da aka ɗaga wa'adinsa daga 2020 zuwa 2030. Abin da babu shi ne mutane da mota da kuɗin da za su tashi cikin kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kuwa ana yaƙi a Sudan tun 15 ga Afrilu 2023, a ƙasar da ke iyaka da Cadi da Libiya da Afirka ta Tsakiya.

Roƙonmu shi ne ku kafa tawaga ta dindindin ta masu ƙirga makamai da kwance nakiya da rajistar mayaƙa, daga sojoji da 'yan sandan ƙasashen nahiyar, da kasafinta a ajiye ba sai an je bara wurin masu ba da agaji ba. Duk wata yarjejeniyar tsagaita wuta da za ku sa wa hannu ta ƙunshi shafi mai sunayen rumbuna da wanda zai riƙe makullin kowanne. Ku sa tsare rumbu da gidan yari cikin sharuɗɗan amincewa da kowace sabuwar hukuma. Ƙasashen da ke maƙwabtaka da inda ake yaƙi kuma a taimaka musu tun yanzu da man mota, rijiyoyi da na'urorin sadarwa a mashigan hamada, da wurin saukar 'yan ƙasarsu da za su dawo. Muna roƙon a sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba, a kuma gayyaci hafsoshin sito na Nijar da Cadi da Mali da Tunisiya da suka ga ayarin 2011 da idonsu su yi muku bayani.

Allah ya taimake ku.

Naku,
Wasu ma'aikatan kula da rumbunan makamai, kwance nakiya da sallamar mayaƙa.